Daga Kakakin Rumfa Zuwa Amfilifayar Ɗakin Saurayi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk wanda ya san Dawanau bayan kaka ya san abin da zan faɗa. Riɗi ya shigo, wake ya shigo, zoɓorodo ya shigo, kuɗi sun ɗan zauna a aljihun samari, daga 'yan dako zuwa masu ɗinkin buhu da yaran dillalai. Bayan waya da babur, abu na uku da saurayi ke saya shi ne kayan sauti. Zai sayi 'yar hom tiyata, ya yi wata biyu da ita, sai ya ji ƙararta ta daina isarsa. Sai ya nufi Sabon Gari ya sayo amfilifaya daban, ya ƙaro manyan sifiku biyu, ya jona. Yau tarihin wannan akwatin za mu bi, domin ƙarar sauti a ƙasar Kano ta daɗe tana tafiya tare da iko.

A da can, ba kowa ke da izinin a ji shi daga nesa ba. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kakaki na sarki ne, tambari na sarki ne. Attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki. In akwai saƙon da za a isar wa gari, mai shela ne zai zaga da ganga da maƙogwaronsa, shi ma da umarnin hakimi ko dagaci. Ladan kuwa sai ya hau wuri mai tudu, ya sa yatsu a kunne, inda muryarsa ta tsaya nan kiran salla ya tsaya.

Abin da ya rushe wannan iyaka daga waje ya zo. A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙera wani ƙwan gilashi mai kama da ƙwan lantarki, wanda daga baya aka gane yana iya karɓar ƙaramar wuta ya sarrafa babba da ita. Asalin amfilifaya ke nan, kuma har gobe aikinta bai wuce haka ba. Ba ta ƙirƙirar sauti. Ɗan siririn saƙon da ya fito daga makirfo ko kaset ko waya take karɓa, ta ɗebo ƙarfi daga batir ko wutar gida, ta sake zana saƙon nan da girma yadda zai iya girgiza takardar sifika. Ita kanta sifikar da muka sani, mai maganaɗisu da naɗin waya, a 1925 injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Rice da Kellogg, suka fito da tsarinta. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 1936, Masallacin Sultan da ke Singafo ya ɗora lasifika a hasumiyarsa, kuma shi ake yawan ambata a matsayin na farko da ya yi haka.

To, ta yaya abin ya iso Kano? A nan labarin ya fi daɗi. A 1944, ana tsakiyar yaƙin Hitila, gwamnatin Turawan mulki ta buɗe wa Kano rediyon waya. Ku lura, ba irin rediyon da muka sani ba ne. Tasha ɗaya ce a gari, a cikinta akwai na'urar da ke kamo shirye-shiryen BBC daga Ingila, ana haɗawa da na Hausa da ake yi a nan, sai manyan amfilifayoyi su tura sautin ta cikin wayoyin da aka ja a kan turaku. Wayar tana ƙarewa ne a lasifikar da aka kafa a wuraren taruwar jama'a, ko a wani akwatin katako da mai hali yake haya a gidansa. Akwatin nan ba shi da wajen murɗa tasha. Ka kunna, ka ƙara murya, ka rage, ka kashe, shi ke nan. Wato dai birnin Kano gaba ɗaya an mayar da shi kayan sauti guda ɗaya, sifiku a unguwanni, amfilifaya a ofishin gwamnati. Abin da saurayin Dawanau ke yi a ɗakinsa yau, na raba mai ba da ƙarfi da mai fitar da murya, shi aka yi wa gari sukutum, sai dai makirfon yana hannun Bature da En'e.

Ba a daɗe ba makirfon ya fara suɓucewa. An kafa NEPU a Kano a 1950, siyasar lacca ta kankama, kuma su Malam Aminu Kano sun sha fama da En'e a kan izinin taro, domin masu mulki sun san abin da ke faruwa in talaka ya samu wurin da zai yi magana dubu su ji. Lasifika a kan mota ta zama kayan yaƙin zaɓe. Ga kuma majigi yana zaga ƙauyuka da janareta da farin ƙyalle da mai fassara a makirfo. Mutanen karkara da yawa a wajen majigi ko lacca suka fara jin muryar ɗan Adam ta fi ƙarfin ɗan Adam.

Sannan sai tiransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ita ta kori ƙwan gilashin nan mai zafi da cin wuta, ta sa rediyo ya koma abin ratayawa a kafaɗa da batir huɗu. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya zo a 1962, kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Zuwa tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin mai da kuɗin Udoji, rakoda ta shiga kayan tsarabar alhazai da kayan ɗakin amare: National, Sharp, Sanyo. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya suka shiga gidajen da ba za su taɓa iya gayyatarsu ba. Wa'azi ma haka. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ya hau Rediyon Kaduna tun 1967, aka kafa Izala a Jos a 1978, kaset da lasifika suka zama filin da malamai na kowane ɓangare ke mayar wa juna martani. Masallacin unguwa da ba shi da amfilifayar Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan da batirin mota, sai ya zama kamar bai gama ginuwa ba. Lokacin da kasuwar Dawanau ta kafu a 1985, a cikin wannan duniyar ta tashi: cigiya a lasifika, mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota, mai kaset yana gwada wa mai saye a bakin hanyar Katsina.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. A Turai da Amurka, amfilifaya ta daban a cikin gida ta samo asali ne daga masu neman tsabtar sauti. A 1947 wani injiniya ɗan Birtaniya, Williamson, ya buga tsarin wata amfilifaya a mujalla, mutane suka riƙa haɗa ta da hannunsu, burinsu kiɗa ya fito a falo kamar makaɗin na zaune a gabanka. Mu kuwa daga waje abin ya shigo mana ɗaki. Kunnenmu a gindin hasumiya da filin lacca da gidan biki ya koyi lasifika, inda ake auna ta da nisan da ta kai. Shi ya sa in saurayi ya je sayen amfilifaya tambayarsa ɗaya ce: wat nawa ce?

Su kuma masu ƙerawa sun gane mu. Za ka ga kwali an rubuta wat 3000 da manyan baƙaƙe, a gefe an saka PMPO da ƙanana. Wannan lissafin talla ne. Juya bayan akwatin ka duba wutar da yake ja daga soket. In wat 60 yake ja, daga ina zai samo 3000 ya ba sifika? Adadin da ake rubuta wa RMS shi ne abin dubawa. Kuma ko shi ɗin, ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu a kunne, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau goma.

Sai maganar jonawa, wadda ita ke cika shagunan masu gyara. Amfilifaya ta daban ƙaramin saƙo take so, daga ramin da aka tanada don fitar da shi, ba daga wayoyin da ke zuwa sifika ba. Sifiku kuma kowace da nauyinta, yawanci om 8 ko om 4. In ka haɗa biyu masu om 8 a baki ɗaya, gefe da gefe, sun koma 4. Ka haɗa huɗu, sun koma 2, amfilifayar ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta ƙone. Wani abin mamaki, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana iya kashe sifika kamar yadda babba ke yi, domin in ta gaza sai ta riƙa yanke kan sautin, wannan kakkaɓin da kake ji, shi ke ƙona ƙananan sifikun sama. Kuɗin dakon wata guda sun tafi a dare ɗaya.

Wannan asarar aljihu ce, ana mayarwa. Ta kunne ba a mayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraron sauti mai ƙarfi. Ɗakin saurayi kuwa taku huɗu ne, rufin kwano, sifika a kan kai. In ka kashe kiɗa ka ji kunnenka yana ƙugi, ya riga ya fara gaya maka.

Ga kuma maƙwabci. Ƙasar nan tamu ta Dawakin Tofa ba daji ba ce, gari na kallon gari, gona ɗaya ce ko biyu tsakanin wannan unguwa da waccan, da daddare kuma sauti ba ya gajiya. Akwai mai jego, akwai tsoho mai hawan jini, akwai ɗan dakon da zai tashi da asuba. Najeriya tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma mu faɗi gaskiya, ba wani jami'i da zai zo ƙauye ƙarfe ɗaya na dare da na'urar awo. A zamanin kakaki sarki ne ke yanke wanda za a ji, a 1944 Bature ne, yau duk mai kuɗin batir da faifan sola yana da tasharsa. Ni ba na cikin masu cewa a ƙwace wa samari kayan sauti, kuma in za a yi maganar lokaci to ta shafi kowa, mai DJ da mai kamfen da mai wa'azin da ke barin lasifikar waje a kunne har tsakar dare. Ƙungiyoyin matasa na unguwa su zauna da mai unguwa da liman a tsayar da ƙarfe nawa ake rage murya, a rubuta, a liƙa a ƙofar masallaci da majalisa.

Masu gyaran rediyo da ke bibiyarmu, muna jiran ku a ƙasa, ku gaya mana wace amfilifaya ce ta fi zuwa muku a ƙone. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.