Dogon Funtuwa da Audugar Dayi

Mai son sanin dalilin da ya sa Turawa suka shimfiɗa reshen dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, to ya dubi tsarinsa. Layi ɗaya ne tal, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Sai a tasha yakan rabu, don jirage su ba juna hanya, a kuma loda taragu. Don auduga da gyaɗa aka yi aikin, fasinja ɗan rakiya ne.

Dogo ya ratsa Funtuwa bai leƙa Dayi ba, amma manomin Dayi ya yi masa bauta. Shi ya noma, jirgi ya kwashe, masaƙun Ingila suka amfana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.