Bakandamiya nawa ce? Tarihin waƙa guda mai jiki da yawa



In aka tambayi mutum goma cikin masu son waƙoƙin Alhaji Mamman Shata cewa Bakandamiya nawa ce, tara za su ce ai guda ce. Na goman, wanda ya daɗe yana tara kaset, dariya zai yi, ya ce maka wacce kake nufi? Wadda muryarshi ke da ƙuruciya ko ta tsufa? Ta faifai, ta gidan radiyo, ko ta filin wasa inda ake jin hayaniyar jama'a a baya? Wanga mutum na goma shi nike son mu yi magana a kanshi yau, don aikin da yake yi aikin tarihi ne, ko da ƴan gidansu na ganin ɓata lokaci yake yi.

An haifi Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka rufe shi a Daura. Ya fi shekara hamsin yana waƙa, kuma ba a takarda yake rubuta ta ba. Abin da ke zaune daram cikin waƙar baka shi ne gindinta, wato amshin da ƴan amshi ke maimaitawa, da kiɗan kalangu. Ɗiyan waƙa kuwa, su ne baitocin da jagora ke jefawa, suna sakewa da wuri da lokaci da wanda ke zaune gabanshi. Bakandamiya waƙar kirari ce, Shata na yabon kanshi da sana'arshi, ya yi ta yin ta shekara da shekaru. Kenan duk ranar da aka kunna na'ura gabanshi, wata Bakandamiya aka samu. Wadda kakanka ya ji ta Radiyo Kaduna a gajeren zango, ba lalle ita ce ke cikin salularka ba.

Almakashi na farko da ya taɓa waƙoƙinmu ba na gwamnati ba ne, na ƙarfe ne da roba. Ƙaramin faifai mai juyi 45 bai ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu zuwa biyar a fuska guda. Babban, mai juyi 33, irin wanda kamfanin EMI ya buga ma Shata a Najeriya, ya kan ɗauki minti ashirin da ƴan kai. To mawaƙin da ya saba raba dare yana abu guda, dole ya taƙaita, ko a taƙaita mishi. Da kaset ta zo, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, aka ɗan samu sarari: C60 minti talatin kowace fuska, C90 minti arba'in da biyar. Amma sai mai sayar da kaset ya zama shi ne alƙali. Inda zare ya ƙare nan waƙa ta ƙare, ko Shata na tsakiyar magana. In wuri ya rage, ya ciko da guntun wata waƙa. Akwai waɗanda suka girma suna tsammanin waƙa biyu guda ce, don haka suka same ta a kaset ɗin gidansu.

Kuma kowane kopi yana rage wani abu. Kaset daga kaset, sautin shuuu na ƙaruwa, kalangu na dushewa. In pil ɗin rakodar da ke ɗauka ya yi sanyi, zare na tahiya a hankali, ranar da aka kunna ta a na'ura mai lafiya sai ka ji murya ta yi siriri, kiɗa na gudu. Mutum ya rantse maka wagga ta ƙuruciyar Shata ce, alhali pil ne ya mutu a wata rumfa shekara arba'in da suka wuce. Mai tara kaset na ƙwarai ya san haka, shi ya sa bai yarda da murya ita kaɗai.

To da mi yake yarda? Nan ne abin ke da daɗi. Yana sauraren kuɗin da aka ambata. Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, saboda haka ɗaukar da aka ji naira a cikinta ba ta riga wannan shekara ba. Yana sauraren sunayen jihohi: an yi jihohi 12 a 1967, jihar Katsina kuwa sai 1987 aka cire ta daga Kaduna. Yana sauraren laƙabi: jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kenan in mai gabatarwa ko sanƙira ya kira shi Dakta, an san bayan nan ne. Sai kuma iyayen gida da ake yabo. Mutum guda, a wata ɗauka ana roƙa mishi tsawon rai, a wata ana roƙa mishi gafara. Tsakanin biyun nan akwai ranar rasuwa, kuma ita ana iya bincika ta. In faifai ne, akwai lamba da kamfani ke bugawa a takardar tsakiya, wata kuma an karce ta jikin faifan kusa da rami. Da irin waɗannan ƙananan alamu ake jera ɗauka bayan ɗauka, kamar mai bin sawun raƙumi cikin dallol.

Masana sun yi wanga aiki da gaske. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinshi na uku a kan Shata a jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, tun mawaƙin na da ƙarfinshi. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinshi, cikinsu har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, suka fitar da littafin Shata Ikon Allah. Amma ku lura, marubuci bai iya jera waƙar da ba a adana ba. Bayan kowane littafi akwai direban mota, da tela, da mai shago, da suka ƙi zubar da kwalin kaset.

Almakashi na biyu namu ne, mu ƴan radiyo. A da, sauti na kan babban zare mai faifai biyu, wanda ma'aikata ke ce ma bandi. Mai montaj zai sa alama da fensir, ya yanke da reza, ya haɗa bakin biyu da ɗan salatif. Abin da ya faɗi ƙasa ya tahi kenan, in dai ba a aje wani kopi ba. Mi ake yankewa? Zambo mai zafi, batsa, sunan wanda ya ɓata da hukuma, wani lokaci kuma tsawo kawai, don labarai sun matso. Shata na da waƙoƙin zambo irin su Gagarabadau, da duk wanda ya san ta ya san ba a sako ta ɗungum a gidan da yara da surukai ke saurare. Ni ban ga laifin tacewa a anten ba, kunya adonmu ce, kuma ni ma kullum cikin yi nike. Inda nike da magana shi ne a yanke a iska, a kuma yanke a ma'aji.

Kunnen da ya saba yana gane wurin yanka. Kalangu na tsallake taki, kamar mai tahiya ya yi tuntuɓe. Amshi ya zo sau biyu a jere ba ɗan waƙa tsakani, alhali jagora bai saba barin gurbi haka ba. Numfashin da mawaƙi ke ja kahin ya ɗaga murya ya ɓace. Ko hayaniyar fili ta sake kwatsam, jakin da ke kuka nesa ya yi shiru tsakiyar kuka. In an samu kopi biyu aka jera su, sai a ga ɗayan ya fi da daƙiƙa arba'in, kuma daƙiƙa arba'in ɗin nan su ne suka ɗauke sunan wani. A nan mai bincike ke tambaya: wa ke jin tsoron wa a shekarar?

Mu a Nijar tambayar ta fi nauyi. Gidan radiyon ƙasa ya fara aiki a 1958, aka kafa ORTN a 1967, kuma har farkon shekarun 1990, kahin zuwan radiyo masu zaman kansu, murya guda ce ke fita daga Yamai. An haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, ba mai tsammanin jin waƙarta a anten. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori Hamani, Seyni Kountché ɗan Fandu, nan ƙasarmu, ya hau. Kowa ya san abin da ke samun waƙar yabon wanda aka tuɓe: a janye ta, ko a rage ta, ko mawaƙin ya sake ta da sabon suna bisa tsohon kiɗa. Mawaƙanmu sun rayu cikin waɗannan sauye-sauye, kuma babba cikinsu wajenmu shi ne Alhaji Mahamman Gawo Filinge, da muryarshi ta ƙetare iyaka har mutanen Kano da Sakkwato suka san sunan Filinge ta bakinshi. Wa ya taɓa zama ya jera ɗaukar Gawo kamar yadda aka yi ma Shata? Wacce ce ta Yamai, wacce ta Najeriya, wacce ta wurin biki? Abin kunya ne a ce mun fi sanin lissafin waƙoƙin maƙwabta bisa na ɗan gida.

Da salula ta shigo, aka ga wani sabon abu a Kano. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, ta ƙara tsanani daga 2007 zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan bidiyonshi Bahaushiya. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11 lokaci guda, cikinsu akwai Oyoyo ta shi Zango, da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, da Hasbunallahu ta Aminu Ala da abokanshi, har aka kama Ala cikin wannan shekara. Sai dai lokacin waƙa ta bar kanti, ta koma bulutut, daga waya zuwa waya. Hanin sai ya zama talla, wanda bai taɓa jin sunayen ba ya tashi nema. Kuma fayil a waya ba shi da tabbataccen suna ko tsawo. Wani ya yanke farko don karti memwar ta cika, mai turi ya liƙa sunan shagonshi a kai, wani ya sake mata suna. Waƙar da aka so a kashe sai ta hayayyafa, har ta iso mana nan kasuwar Balleyara da kamanni iri-iri.

Kudancin Najeriya ma haka. Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya yi Jaga Jaga a 2004, aka hana ta a radiyo zamanin Obasanjo, ta ci gaba da tashi a wuraren rawa, shi kuma ya sake fito da ita da sabon salo a 2021.

Yau reza ta koma cikin kwamfuta. Ana kashe muryar a bar kiɗa na daƙiƙa guda, ko a juya kalmar baya ta zama ba ta da ma'ana, ko a ɗora ƙara a kai. Ga kuma remiks: yaro ya ɗauki tsohuwar waƙa ya ɗora mata ganga ta inji, ya ƙara mata gudu don TikTok. Lokacin zaɓe kuwa kun sani, kiɗa guda sai ya yi ma ɗan takara uku aiki, suna kawai ake cirewa a sa wani. Wasu remiks ɗin na da daɗi hwa, ban hana ba. Matsalar ita ce wadda ta fi yawan masu kallo a YouTube ita yara ke ɗauka asali, ko da guntuwa ce, ko da gudunta ba daidai ba.

A gefe guda kaset na mutuwa. Zafin watan Afrilu na narka ta cikin ɗakin kwano, ƙura na cinye zare, gara na cin takardar da ke ɗauke da suna. Tsoho ya rasu, magada su raba gona da bisashe, kwalin kaset a ba yara su yi wasa da zaren. A Yamai akwai wuraren adana sauti, CELHTO da IRSH da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, amma abin da aka ɗauka a bikin wani ƙauye tsakanin Tabla da Shikal bai taɓa isa can ba. Wataƙila kopi guda ne a duniya, kuma yana ƙarƙashin gadon wata tsohuwa.

Saboda haka wanda ke da kaset ta Gawo, ko Shata, ko Ɗan Gurmu, ko wata zabiya ta garinku, kada ya yi saurin tura ta cikin tsohuwar rakoda, tana iya cinye zaren. A fara juya ta da bik a hankali, a ga ko zaren bai manne ba. In za a juye ta a kwamfuta, a ɗauki fuska biyun ɗungum, da surutun farko da tarin mai gabatarwa da komi, kada a gyara, kada a yanke, don cikin wannan surutu ne shekara ke ɓoye. Kada a turo ta a saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Sannan a tambayi mai ita tun yana da rai: ina ka saye ta, wace shekara, wa ke mulki, a bikin wa aka yi wasan? A rubuta amsar a takarda a sa cikin kwalin.

Wanda bai da na'ura, ya yi magana nan ƙasa ya faɗi garinsu da abin da ke rubuce jikin kaset ɗin. Ran Lahadi ina kasuwar Balleyara, mu haɗu in juye mishi, ya koma gida da kayanshi.