Kututturen roka: yadda aka daina jefar da shi cikin teku

Da wuya a samu wanda bai ga bidiyon nan a waya ba: wani dogon ƙarfe yana saukowa daga sama ta baya, wuta na fita ƙarƙashinsa, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya tsaya cak. Wasu sun ce hoton aka juya baya. To, ba juyawa ba ce. Sai dai abin da ke cikin bidiyon shi ne ƙarshen labari, kuma tsakiyarsa ta fi shi darasi.

Roka hawa-hawa ake gina ta. Hawan ƙasa shi ne babba, shi ke ɗauke da manyan injuna da mafi yawan mai, shi ke tura sauran daga ƙasa. Ni kututture nake ce masa, don ban ji wani suna da ya zauna a bakin mutane ba (kalmar kumbo ta daɗe da zama, tun lokacin Apollo, amma tana nufin abin da ake turawa ne, ba mai turawar ba). Aikin kututture bai wuce minti biyu zuwa uku. Mai ya ƙare, sai a sake shi ya faɗo.

Haka aka yi shekaru da yawa. Saturn V, wadda ta kai Amurkawa wata, tsawonta mita 110 ne, an harba ta sau 13 daga 1967 zuwa 1973, kuma kowane kututture da injunansa biyar ya nutse a tekun Atalantika. Sai a 2013 aka tsamo ɓaraguzan wasu injunan daga ƙasan teku, aka kai su gidan tarihi. Na Rasha da ake harbawa daga Baikonur kuwa a kan tudu suke faɗowa, cikin dajin Kazakistan, har mutanen wurin suna yankar ƙarfen suna sayarwa. Lokacin tsere ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuɗin gwamnati ne, babu mai tambayar ko za a iya adana ƙarfe.

Yunƙurin farko na gaske shi ne jirgin Space Shuttle na NASA, wanda ya fara tashi ran 12 ga Afirilu 1981. Yana da kututture biyu a gefe, masu busasshen mai. Bayan kamar minti biyu sai su rabu da shi, su sauko da laima cikin teku, fiye da kilomita 200 daga gaɓar Fulorida. Jiragen ruwa biyu, Liberty Star da Freedom Star, ke zuwa ɗaukarsu. Masu ninƙaya su toshe bakin, a fitar da ruwan ciki, a ja su zuwa tasha. Daga nan a warware su gunduwa-gunduwa, a wanke gishiri, a loda a jirgin ƙasa zuwa jihar Yuta, can yammacin Amurka, a sake cika su da mai, a maido su Fulorida a haɗa.

Ku dubi wannan doguwar hanya da kyau, don a nan maganar take. An tsamo kututture, gaskiya ne. Amma abin da aka sake amfani da shi gangar ƙarfe ce kawai, kuma wahalar gyaranta ta kusan cinye ribar. An yi alkawarin tashi sau da dama kowace shekara. Mafi yawan da aka taɓa yi shi ne 9, a 1985. Cikin shekara 30 gaba ɗaya, 135. Kuma a mahaɗar gunduwar kututturen dama ne robar toshiya ta kasa aiki saboda sanyi, ran 28 ga Janairu 1986, jirgin Challenger ya tarwatse da mutum bakwai bayan daƙiƙa 73. Injiniyoyi da yawa sun fito daga wannan zamani da ra'ayin cewa sake amfani da roka hasarar kuɗi ce. Ban ga laifinsu ba, abin da suka gani ke nan.

Akwai dai wata ƙaramar roka ta gwaji, DC-X, wadda a 1993 ta tashi ta sauka a tsaye a hamadar New Mexico. A 1996 ƙafarta ɗaya ta ƙi buɗewa, ta kife, ta ƙone, aka rufe shirin.

Kamfanin SpaceX, wanda Elon Musk ya kafa a 2002, shi ma da laima ya fara, amma kututturen kan tarwatse tun kafin laimar ta yi aiki. Sai suka koma ga dabarar DC-X: a bar ɗan mai a tanki, kututture ya juya, ya sake kunna inji ya taka birki da wutarsa. Wahalar ita ce, kututturen Falcon 9 da ba kowa ciki ba shi da nauyi sosai, ko inji ɗaya cikin tara aka kunna a mafi ƙarancin ƙarfinsa, ya fi ƙarfin nauyin. Ke nan ba ya iya tsayawa a iska ya gyara zama. Dole gudunsa ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. A Janairu 2015 ɗaya ya fashe a kan dandalin teku, don ruwan da ke motsa fika-fikansa ya ƙare. A Afirilu wani ya sauka ya kife.

Ran 23 ga Nuwamba 2015 kamfanin Blue Origin ya saukar da New Shepard bayan ta kai kilomita 100, amma ita hawa take ta sauko, ba ta kai kaya falaki. Ran 21 ga Disamba Falcon 9 ta tura taurarin ɗan'adam 11, kututturenta ya dawo Cape Canaveral ya tsaya. Wannan rana ce kowa ke ambata. Ni kuwa na fi ba 30 ga Maris 2017 muhimmanci, ranar da kututturen da ya sauka a teku a Afirilu 2016 ya sake tashi da tauraron SES-10. Kusan shekara guda aka yi kafin ya koma sama. Yanzu an taɓa maido wani cikin ƙasa da mako biyu, kuma akwai waɗanda suka tashi fiye da sau 20.

Me ya sa lissafin ya fita wannan karon? Kututturen bai taɓa ruwan gishiri ba, injunansa masu tsada sun dawo lafiya, man kuma kananzir ne da oksijin, kuɗinsa ɗan kaɗan ne in an kwatanta da na ƙarfen. Amma fa akwai biya: man da aka ajiye don sauka yana rage kayan da za a ɗauka, ga jiragen ruwa da ma'aikata da ake riƙewa dare da rana. Mai harba roka biyar a shekara ba zai maida wannan kuɗi ba. SpaceX ta samar wa kanta kaya: taurarin Starlink, wannan intanet da ta shigo Nijeriya a 2023, ta shigo Nijar a 2025. A 2024 kaɗai rokokin Falcon sun tashi fiye da sau 130, kusan abin da Shuttle ya yi a rayuwarsa duka, kuma mafi yawansu Starlink suka ɗauka.

Kada dai mu yi saurin cewa sama ta yi arha ga kowa. Farashin da kamfanin ke gaya wa masu haya ya tashi ne daga dala miliyan 62 zuwa 67 a 2022. Sauƙin da aka samu, mai roka ne ya fi cin moriyarsa, tunda ba shi da abokin takara na kusa. Turai ta fito da Ariane 6 a 2024, har yanzu jefarwa take.

Ran 13 ga Oktoba 2024 aka ƙara wani mataki a Boca Chica, jihar Texas. Super Heavy, kututturen Starship mai tsawon kamar mita 70 da injuna 33, ya dawo ba shi da ƙafafu ko kaɗan, hannuwa biyu na hasumiyar da ya tashi daga gare ta suka cafe shi. An cire ƙafafun ne don a rage nauyi, a kuma ajiye shi daidai inda za a sake cika shi. A Nuwamba 2025 Blue Origin ita ma ta saukar da kututturen babbar rokarta New Glenn a kan jirgin ruwa. Hawa na biyu na Falcon 9 kuwa, wanda ke ƙarasa kai kaya falaki, har yau sabo ake ƙerawa ga kowace tafiya.