Tafkin Bali da Masu Zuwa Bakinsa

Wanda ya tashi daga Onklou, a kan hanyar da ta haɗa Parakou da Djougou, ya nufi arewa, zai ratsa Djougou da Natitingou, ya gangara duwatsun Atakora ya sauka Tanguieta. Daga nan hanyar ƙasa ce take bin gindin dutse har ƙauyen Batia, inda ƙofar gandun dajin Pendjari take. Shekaru da yawa mazauna bakin wannan hanya sun saba ganin motoci suna wucewa da rani, ɗauke da baƙi masu tabaran hangen nesa da kyamarori masu dogon baki. Yawancinsu wuri guda suka nufa, watau wani tafki a cikin dajin da ake kira Bali.

Ruwa ne asalin maganar. Kogin Pendjari yana tasowa daga Atakora, ya kewaya ta arewa ya zama iyaka da Burkina Faso, sa'an nan ya juya kudu ya shiga Togo da Gana da sunan Oti. Da damina yakan cika ya malala cikin fadamu. Sa'ad da ya janye sai ya bar tafkuna nan da can, kuma daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, kusan kowane mai rai a dajin dole ya zo bakinsu. Giwa da ɓauna da gwanki sukan zo shan ruwa, kada yana kwance yana jira, zaki kuwa ba ya nisa. Tsuntsayen da aka ƙidaya a dajin sun fi iri 300. Akwai gauraka mai tuntu, da zalɓe, da dinya, da kirinjijiya, da borin tunke, da gaggafa tana shawagi a sama. Waɗansu ƙananan tsuntsaye kuma daga Turai suke zuwa, su ƙetare Hamada su ci rani a nan.

An gina rumfar kallo a bakin Bali. Mai ɗaukar hoto yakan shiga da sassafe ya zauna shiru, ba tari ba motsi, wani lokaci sa'a uku domin hoto ɗaya. Wannan haƙuri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maharbin Hausa yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya cikin ciyawa yana tafiya irin ta tsuntsun, har ya kusanci nama. Dabarar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne, doka ta buɗe wa mai kyamara ƙofa, ta rufe wa mai baka, kuma wannan yana da tarihi.

Kafin zuwan Faransa, mutanen yankin, Gurmawa da Berba da Waama, suna farauta da su da ɗebo zuma a wannan daji, suna da wuraren tsafinsu a ciki, makiyaya kuma suna shayar da shanu a kogin. A 1954 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe shi domin namun daji. Dahome ta sami 'yancin kai a 1960, a 1961 kuwa ta mai da shi gandun daji na ƙasa. An fitar da masu zama a ciki, suka taru a ƙauyukan da ke jere a hanyar Batia da ta Porga. Tutar ƙasa ta canja, amma a idon manomin da aka hana shi fadamar kakansa, ma'aikacin gandun daji bai canja ba. Daga waje kuwa sunan wurin sai ƙaruwa yake yi: hukumar UNESCO ta amince da shi a 1986, a 2007 aka sa fadamun kogin cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971.

Sai a 1996, da aka kafa hukumar CENAGREF, aka fara gyara da gaske. An kafa ƙungiyoyin ƙauyuka da ake kira AVIGREF, aka ba su kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da farautar baƙi take kawowa, aka bar wani zirin ƙasa a gefen dajin domin noma. Samari suka zama 'yan rakiya, suka koyi sunayen tsuntsaye da Faransanci a kan waɗanda suka sani da harshen gida. Ba a ce kowa ya ƙoshi ba, gama giwa ba ta san iyakar gona ba, amma dai ƙauye ya fara ganin rabonsa a cikin motar baƙo.

A 2017 aka sa Pendjari, tare da Arly da W, cikin wuraren tarihi na duniya, gwamnati kuma ta miƙa riƙonsa ga ƙungiyar African Parks. Tsaro ya ƙarfafa, farautar sata ta ragu, amma maharba da makiyaya suka yi kukan cewa ƙofar ta sake ƙuntata.

Ran 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a cikin dajin, suka kashe ɗan ƙasar Benin da ke yi musu rakiya. Bayan kwana tara sojojin Faransa suka kuɓutar da su a Burkina Faso, biyu daga cikin sojojin suka mutu. A Disamba 2021 aka kai wa sojojin Benin hari a Porga. Dajin da aka fitar da mutane daga cikinsa ya zama mafaka ga masu ɗauke da makamai, ƙasashen Turai kuma suka gargaɗi mutanensu kada su je. Asarar ta fi faɗa wa ɗan rakiya na Tanguieta, da mai dafa abinci a Batia, da mai sayar da mai a bakin hanyar Djougou, waɗanda suka saba lissafin shekararsu da motocin Disamba.