Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Maimaita Kiɗan Gangunan Rok

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata kunya da na sha a ɗakin taro, a daren da ƙaramar ƙungiyarmu ta makaɗa ta yi wasan ƙarshen zango. Ni ne mai ganguna. Cikin waƙoƙin da muka zaɓa akwai "In the Air Tonight" ta Phil Collins, wadda ta fito a shekarar 1981. Duk wanda ya san waƙar ya san cewa sai an yi minti uku da wani abu ana tafiya a hankali, sa'an nan ganguna su ɓarke da wani bugu da ya zama tambarinta. Da aka iso wurin, sai na ga ɗalibai sun ɗaga hannuwa za su kaɗa iska tare da ni, ni kuwa sai na kawo wani salo nawa da na kwana uku ina shiryawa. Hannuwa suka tsaya a sama, aka dubi juna, wani daga baya ya yi tsaki. Mai gitarmu bai yi mini magana ba sai washegari, ya ce, "Malam, waƙar mutane ka zo kaɗawa ko taka?" Tambayar nan ce ta sa na koma ga tarihi, domin in ga yadda manyan wannan sana'a suka warware ta.

Asalin Gangunan

Kafin a shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san kayan da ake magana a kansu. A ƙarni na 19 a Amurka, ƙungiyoyin makaɗan fareti kan raba aiki: wani ya riƙe babbar ganga, wani ƙarama, wani kuma faifan tagulla. Da kiɗa ya koma cikin ɗakuna, inda wuri ya yi kaɗan kuma kuɗin biya ya yi ƙaranci, sai aka nemi mutum ɗaya ya yi aikin uku. A shekarar 1909 William F. Ludwig na birnin Chicago ya fito da matakin ƙarfe mai sauri, wanda ake takawa ya bugi babbar ganga, hannuwa biyu kuma su sami sukunin yin wani aiki. Daga nan makaɗan jaz suka raini waɗannan ganguna. Sa'an nan irin su Earl Palmer na New Orleans, wanda ya kaɗa wa Fats Domino a 1949 da Little Richard a 1955, suka ƙarfafa dukan ƙaramar ganga a bugu na biyu da na huɗu, watau ƙashin bayan kiɗan rok ke nan.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan makaɗan rok ba su gaji rubutaccen kiɗa ba kamar yadda makaɗan gargajiyar Turai suka gada. Faifai shi ne littafinsu. Yaro kan ɗora allura a kan faifan garmaho, ya saurara, ya mayar da ita baya, har faifan ya goge. Saboda haka tun farko koyon kiɗan rok kwaikwayo ne, kuma tambayar mai gitarmu ta girmi ni da shi.

Waɗanda Suka Sāke Waƙa Ta Zama Tasu

Idan muka dubi shekarun 1960, za mu ga cewa masu sāke waƙa su ne suka ci kasuwa. A 1967 ƙungiyar Beatles ta fitar da "With a Little Help from My Friends", Ringo Starr na kaɗa ta da sauƙi, cikin kari mai bugu huɗu, kamar mai tafiya kasuwa ba gaggawa. Shekara ɗaya bayan haka Joe Cocker ya ɗauke ta, B.J. Wilson na ƙungiyar Procol Harum ya zauna a kan ganguna, suka rage mata sauri, suka mayar da karinta mai bugu shida, gangunan suna tashi suna kwantawa. Ba su bar ko bugu ɗaya na Ringo a inda yake ba, amma waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a Nuwamba 1968, kuma su kansu 'yan Beatles sun yaba.

Haka kuma ya faru da "All Along the Watchtower". Bob Dylan ya fitar da ita a Disamba 1967, Kenneth Buttrey na raka shi da ganga a tsanake. A Janairu 1968 Jimi Hendrix ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan ya sāke ta, Mitch Mitchell, wanda jaz ya rena, ya cika ta da kwalliya. Abin mamaki, daga baya Dylan da kansa ya riƙa rera waƙarsa a kusa da yadda Hendrix ya mayar da ita. A 1968 ɗin ne kuma ƙungiyar Cream ta yi "Crossroads", wadda asalinta ta Robert Johnson ce ta 1936. A faifan asali babu ganga ko kaɗan, daga murya sai gita, don haka Ginger Baker, wanda daga baya ya zauna a Legas ya yi aiki da Fela, ba shi da wanda zai kwaikwaya sai abin da kunnensa ya ba shi.

Da na karanta wannan sai na ji sanyi, na ce ashe ina da magabata. Amma da na ƙara tunani sai na ga bambanci. Waɗannan mutane sun sāke waƙar ne gaba ɗaya, daga tushe har reshe, kuma dukan ƙungiya ta yarda da sabuwar hanyar. Ni kuwa na bar kome yadda yake, na canza wuri ɗaya tak, wurin da jama'a suka zo ji.

Kujerar Mamaci

Gardamar ta fi zafi ne sa'ad da makaɗi ya mutu ya bar kujera. Keith Moon na ƙungiyar The Who ya rasu ran 7 ga Satumba 1978 yana da shekara 32. Kiɗansa ba shi da shinge: yakan bi muryar mawaƙi da ganguna, ya zuba kwalliya inda wani zai tsaya ga riƙe kari. Aka ɗauko Kenney Jones, gwani ne ba shakka, amma mai tsari da kamewa. Ya kaɗa irin nasa, suka yi faifai biyu da shi a 1981 da 1982, sai dai mawaƙinsu Roger Daltrey bai ɓoye cewa salon bai dace da ƙungiyar ba. Daga 1996 zuwa 2025 Zak Starkey, ɗan Ringo, shi ya riƙe kujerar. Moon ne ya ba shi ganguna tun yana yaro, kuma abin da ya ɗauko daga gare shi zafin hannu ne da rashin tsoro, ba lissafin bugu ba.

'Yan Led Zeppelin kuwa wata hanya suka bi. John Bonham ya rasu ran 25 ga Satumba 1980, shi ma yana da shekara 32, kuma a Disamba na wannan shekara sauran ukun suka sanar da cewa ba za su ci gaba ba. A 1985 sun taru a bikin Live Aid a Philadelphia da makaɗa biyu, Phil Collins da Tony Thompson, ba tare da isasshen shiri ba, wasan ya dagule har suka hana a saka shi cikin faifan bikin da aka fitar a 2004. Sai ran 10 ga Disamba 2007, a zauren O2 na Landan, aka ga abin da ake nema, da Jason Bonham ya hau kujerar mahaifinsa. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gāji ubansa, amma gadon nan bai zo a ɓagas ba, domin Jason ya daɗe yana sauraron faifayen wasannin mahaifinsa na shekaru daban-daban.

A nan ne wata matsala ta fito fili. Shi John Bonham ba ya maimaita kansa. "Moby Dick" a faifai ba ta kai minti biyar ba, amma a dandali yakan kai ta fiye da minti ashirin, wani lokaci ya ajiye sanduna ya kaɗa da tafin hannu. To, wanda ya ce zai bi Bonham sau da ƙafa, wane Bonham zai bi, na faifai ko na dandali? Akasinsa shi ne Neil Peart na ƙungiyar Rush, wanda ya rasu a Janairu 2020. Shi yakan tsara kiɗansa daki-daki kamar mai gini, sa'an nan ya kawo shi dandali kusan yadda yake a faifai. Mai kaɗa "Tom Sawyer" ta 1981 idan ya canza kwalliyarta ya rushe ginin mai shi, mai kaɗa Moon kuwa idan ya haddace bugu ɗaya ɗaya ya kashe abin da ya sa Moon ya zama Moon.

Abin da Hannu Ba Zai Iya Ba

Akwai kuma wani shinge da masu ra'ayin bin asali ba su cika ambata ba. "When the Levee Breaks" waƙa ce ta Kansas Joe McCoy da Memphis Minnie ta 1929, a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927. Led Zeppelin suka sāke ta a 1971. An ajiye gangunan Bonham a zauren shiga na wani tsohon gida mai suna Headley Grange, injiniya Andy Johns ya rataye makirfo biyu a saman matakala, ya kuma bi da sautin ta cikin na'urar amsa kuwwa. Ashe wani ɓangare na abin da muke ji aikin bango ne da na'ura. Ɗalibi zai iya shekara yana neman wannan sauti da hannu bai same shi ba.

Ringo Starr ma haka. Bahago ne da ke kaɗa gangunan da aka jera wa na dama, don haka kwalliyarsa kan fara da hannun hagu, ta fito da wata 'yar tangarɗa mai daɗi. Na dama zai iya koyon bugun, amma jikinsa ba na Ringo ba ne.

Zamanin Intanet

Tun da aka kafa YouTube a 2005, maimaita kiɗan ganga ya zama fage mai zaman kansa: mutum ya kunna waƙa, ya kaɗa a kanta, ya nuna wa duniya. A 2018 wata yarinya 'yar Japan mai shekara 8, Yoyoka Soma, ta kaɗa "Good Times Bad Times" da wahalallen bugun ƙafar nan na Bonham, har Robert Plant ya gani ya yi mamaki. A 2020 Nandi Bushell ta Ingila, tana da shekara 10, ta kaɗa "Everlong" ta ƙalubalanci Dave Grohl, kuma a 2021 ta hau dandali tare da Foo Fighters. Na lura cewa a wannan fage ma'auni ya karkata ga bin asali, domin faifan yana nan yana tafiya, kowa na iya gwada bugu da bugu. A 1968 ƙungiya ce ke sāke waƙa tare. Mai kaɗawa a kan faifai kuwa ba shi da abokin shawara, don faifai ba ya jin magana.

Kammalawa

Daga wannan tarihi na fahimci cewa kiɗan kowace waƙa hawa biyu ne. Akwai abin da ya yi kama da take a wajen makaɗanmu, watau bugun da ke kiran sunan waƙar, wanda idan aka taɓa shi an kira wani ne dabam. Akwai kuma fili da mai asali ya bari a buɗe, wanda shi kansa yakan canza daga dare zuwa dare. Aikin mai maimaitawa shi ne ya saurara har ya rarrabe tsakaninsu, ya kuma koyi na asali sosai kafin ya kauce masa, don kada a ce gazawa ce ya sa wa suna salo. Wanda ya so sāke waƙa gaba ɗaya, kamar Cocker da Hendrix, to, ya shawo kan abokan kiɗansa su sāke ta tare.

A wasanmu na gaba na kaɗa bugun Collins yadda ya ajiye shi, hannuwan ɗalibai suka sauka tare da nawa. Salon nan nawa na kwana uku kuwa ban yar da shi ba, na kai shi can ƙarshen waƙar inda murya ke janyewa, kuma mai gitarmu ya ce a bar shi a wurin.