Tarihin Tambayar Ƙanƙantar Ƙwayar Halitta

A shekarar 1638, Galileo Galilei yana tsare a gidansa da ke Arcetri kusa da Florence lokacin da aka buga littafinsa na ƙarshe a Leiden ta ƙasar Holan. A ciki ya nuna cewa idan abu ya ƙara girma ba tare da siffarsa ta sauya ba, cikinsa yana bunƙasa fiye da bayansa. Akwati mai gefuna daidai wa daida, kowane gefe santimita 1, faɗin bayansa murabba'in santimita 6 ne, cikinsa kuma 1. Idan gefen ya zama 2, baya ya koma 24, ciki 8. Idan ya kai 10, baya 600 ne, ciki 1,000. Rabon bayan da kowane ɓangare na ciki yake samu ya faɗo daga 6 zuwa 3, sannan zuwa 0.6. Galileo ƙasusuwan manyan dabbobi yake tunani, domin a zamaninsa ba wanda ya san ƙwayar halitta.

Shekaru 27 bayan haka, a 1665, Robert Hooke ya yanki ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya duba da madubin ƙara girma a Landan, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya ƙiyasta cewa dunƙule mai inci ɗaya a kowane gefe yana ɗauke da fiye da biliyan ɗaya daga cikinsu. A 1838 da 1839, Matthias Schleiden da Theodor Schwann suka kafa ra'ayin cewa tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyin halitta aka gina su. Daga nan tambaya ta yi nauyi: giwa ta fi ɓera yawan ƙwayoyi ne, ba girmansu ba. Me ya hana ƙwaya ta girma?

Amsar ta fara bayyana a 1855, lokacin da Adolf Fick ya tsara dokar yaɗuwar sinadarai a cikin ruwa. Ƙwaya tana shan iskar oksijin da abinci, tana fitar da sharar jikinta, duk ta fatarta, alhali buƙatarta tana bin girman cikinta. Kuma yaɗuwa tana da tsada: idan nisa ya ninku sau biyu, lokaci yana ninkuwa sau huɗu. Oksijin yana ratsa ƙwaya mai faɗin maikiromita 10 a ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma santimita ɗaya na ruwa zai ci masa kimanin sa'o'i bakwai. Ƙwayar da ta kumbura haka, tsakiyarta za ta shaƙe kafin iska ta iso.

A 1997, Heide Schulz ta gano wata bakteriya a taɓon teku a gaɓar Namibiya, aka ba ta suna Thiomargarita namibiensis, aka wallafa bayaninta a 1999. Faɗinta yana kaiwa milimita 0.75, har ido yana ganinta. Sai dai mafi yawan cikinta jaka ce ta ajiyar sinadarin naitiret, rayayyen ɓangaren kuwa siriri ne, manne da fata. Ko wannan ƙatuwar ƙwayar bin lissafin Galileo ta yi, ta hanyar ajiye rayuwarta dab da bakin ƙofa.