Takalmin gudu mai tallafar sawu: yadda yake aiki da abin da mai saye a Jega zai duba

Takalmin gudu mai tallafar sawu nau'i ne na kambas da aka ƙera domin mutumin da ƙafarsa ke karkata ciki fiye da kima idan ya taka ƙasa yana gudu. A ido ba ya da wani bambanci da sauran takalman motsa jiki da ake jerawa a kasuwar Jega. Bambancin yana ɓoye ne a cikin soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar da ke taɓa kwalta. Sanin wannan bambanci ya zama abin buƙata tun da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara fita sassarfa bayan sallar asuba, wasunsu bisa shawarar likita saboda hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, kuma ciwon gwiwa ko na ƙwauri na daga cikin abubuwan da ke sa mai sabon ƙuduri ya ajiye takalmi kafin ya cika wata guda.

Mene ne karkatar sawu?

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, kuma an yi tafinta da 'yar lanƙwasa ta ɓangaren ciki. Yawancin masu sassarfa suna fara sauka ne a gefen dunduniya na waje, sannan nauyi ya gangaro zuwa tsakiya, lanƙwasar ta ɗan saki, idon sawu ya ɗan sunkuya ciki, kafin babban yatsa ya tura jiki gaba. Wannan karkata halitta ce, da ita ƙafa ke shanye bugun ƙasa, wanda a lokacin gudu yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum a kowane taku.

Maganar ta taso ne kan wanda karkatarsa ta zarce, ko ta daɗe ba ta dawo ba har lokacin ɗaga ƙafa. A irin wannan hali ƙashin ƙwauri yakan juya ciki, gwiwa ta bi shi. An fi ganin haka ga masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, amma ba kowane mai shimfiɗaɗɗen tafi ne ke da matsalar ba. Koke-koken da aka saba dangantawa da ita su ne zafi a gefen ƙwauri na ciki, ciwon gaban gwiwa, da zogin dunduniya a takun farko na safiya.

Yadda aka gina takalmin

Tsohuwar dabarar ita ce a sa soso mai tauri a ɓangaren ciki na tafin takalmi, daga dunduniya zuwa tsakiya, a bar na waje da laushi. Sau da yawa akan yi wa taurarren soson launin toka, don haka mai saye yana iya ganinsa, yana kuma iya danna shi da babban yatsa ya ji ya fi ɗaya gefen ƙarfi. A kan wannan tsari jerin Gel-Kayano na kamfanin Asics na Japan, wanda ya fara fitowa a 1993, ya yi suna shekaru da dama.

Daga baya kamfanoni suka sassauta. Brooks ya koma ga abin da ya kira GuideRails a jerin Adrenaline GTS, wato 'yar katangar soso a gefuna biyu na dunduniya da ke tare ƙafa idan ta nemi kaucewa. Hoka ya zagaye dunduniyar Arahi da soso mai ɗan ƙarfi. Abin da ya haɗa na zamani shi ne faffaɗan gindi, bayan dunduniya mai tauri da ba ya lanƙwashewa, da tafin da ba ya murɗuwa cikin sauƙi. Sauran sunayen da akan ci karo da su su ne GT-2000 na Asics, Structure na Nike, 860 na New Balance da Guide na Saucony. Irin wannan takalmi yakan ɗan fi takwaransa marar tallafi nauyi.

Abin da bincike ya nuna

A nan ne maganar masu talla ta yi hannun riga da ta masu bincike, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan sababbin kuratan sojan Amurka sun nuna cewa raba takalmi bisa siffar sawun da tafin ƙafa ya bari bai rage yawan rauni ba. Wannan ya rage darajar gwajin nan da ake yawan ambata, na jiƙa ƙafa a taka siminti a dubi sawun. Wani bincike na ƙasar Danmak da aka buga a 2014 ya bi sababbin masu gudu 927 tsawon shekara guda, dukansu sanye da takalmi marar tallafi, sai aka ga masu karkatar sawu matsakaiciya ba su fi sauran jin rauni ba. Sai dai masu karkata mai tsanani ba su da yawa a cikin rukunin, don haka binciken bai yanke hukunci a kansu ba.

A ɗaya ɓangaren, wani gwaji da aka yi a Luksemburg aka buga a 2016 ya raba wa masu gudu 372 takalma iri biyu ba tare da sun san wane ne a ƙafarsu ba, aka bi su wata shida. Waɗanda suka sami mai tallafi sun fi tsira daga rauni, kuma amfanin ya fito ne a wajen masu karkatar sawu. Hujja ce mai ƙarfi, amma iyakarta ke nan: takalmin yana iya taimakon wanda ƙafarsa ke karkata, ba ya gyara halittar ƙafa, kuma wanda yake gudu lafiya ƙalau da takalmin da yake da shi ba ya da dalilin canzawa. Masu nazarin gudu sukan ba da misali da Haile Gebrselassie na Habasha, wanda karkatar ƙafarsa take bayyane a hotunan tsere, kuma da ita ya kafa tarihin duniya na gudun fanfalaki a Balin a 2008 cikin awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59. Masanin Jami'ar Kalgari ta Kanada, Benno Nigg, ya ba da shawarar a ɗauki jin daɗin ƙafa a matsayin ma'aunin zaɓe, kuma ga mai saye da kuɗin aljihunsa wannan ya fi kowace takardar talla amfani.

Titin Aliero, Jega da Maiyama

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta bi Maiyama zuwa Koko da Yawuri ita ce filin gudun mutane da yawa, har da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero. Kamar kowane titin kwalta, an ɗaga tsakiyarta an gangarar da gefuna domin ruwan sama. Mai gudu da ke bin gefen hagu yana fuskantar motoci, kamar yadda ya dace a hanyar da manyan motocin albasa ke bi, ƙafarsa ta dama tana sama da ta hagu, kuma gangaren yana ƙara tura ta ciki. Wanda kullum ƙafa ɗaya ce ke damunsa ya kamata ya fara zargin hanyar, ya gwada mako biyu a filin makaranta ko wata shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin ya kashe kuɗi.

Zafi ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, kuma soson takalmi da gam ɗin da ya riƙe shi ba sa shiri da rana. Takalmin da aka bari a bayan mota ko aka shanya a kan kwano yana mutuwa da wuri. A inuwa ake shanya shi.

A gaban ɗan gwanjo

Sabon takalmi na asali daga waɗannan kamfanoni yana da tsadar da ta fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa mafi yawa ke komawa gwanjo. Haɗarin shi ne soson takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, alhali samansa na nan fes. Mai yin kilomita biyar sau huɗu a mako zai cinye wannan nisa cikin wata shida zuwa tara, kuma na gwanjo wani ya riga ya ci rabonsa a ciki.

Don haka sai a ajiye takalmin a kan benci a dube shi ta baya: idan ya jingina gefe ɗaya, ya ɗauki takun tsohon mai shi, a bar shi. Tamojin da ya yi yawa a jikin soso alamar gajiya ce. A matsa bayan dunduniya, a murɗa tafin da hannu biyu. Wanda ya murɗe kamar tsumma ba mai tallafi ba ne ko da wane suna aka liƙa masa, kuma jabu yakan tonu a nan. Gwaji ya fi kyau da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Idan tudun ciki yana tokarar tafin ƙafa tun a wurin ciniki, ba zai daina ba a kan titi. Shumeka yana iya liƙe robar ƙasa da ta ɓalle, amma ba shi da yadda zai yi da mataccen soso.

Aliero ta shahara da masu ɗorin ƙashi, har daga nesa ake zuwa wurinsu, sai dai karkatar sawu ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, babu abin ɗorawa a cikinta. Ciwon da ya wuce mako biyu duk da hutu, ko kumburi a gefen idon sawu na ciki, ko tafin ƙafa ɗaya da ya fara shimfiɗewa a girma, aikin likitan ƙashi ne da sashen gashi na asibiti, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mai ciwon suga kuwa yana da ƙarin sharaɗi: ciwon kan rage jin ƙafa, takalmi ya goge fata bai sani ba, don haka ana so ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk lokacin da ya cire takalmi.